Yadda Gona Ke Zama Fuloti a Idon Doka

Duk manomin da gonarsa ke kusa da babban gari, kamar Kano ko Kaduna ko Zariya ko Katsina, ya san ko ba daɗe ko ba jima dillali zai yi masa sallama. Zai dubi gonar daga wannan gefe zuwa wancan, ya taka ta, sa'an nan ya ce ai wannan ta fi fuloti ashirin. Daga nan lissafi ya shiga zuciyar mai gona ke nan. Ya tuna damin gero da na dawa da ya saba ɗaukewa a shekara, ya auna da kuɗin fuloti ashirin, sai ya ga kamar noma wahalar banza ce.

To, akwai abin da dillali ba ya faɗi, watau gona daban, fuloti daban. Miƙa igiya da kafa turaku ba su isa su mai da gona fuloti ba, ko da mai unguwa ya yi shaida. Dokar tsarin gari ita ce ke faɗin abin da ake kira fuloti. Ita ke yanke girmansa, da hanyar da zai fuskanta, da abin da aka yarda a yi a cikinsa. Wanda bai san haka ba, mai sayarwa ne ko mai saye, sau da yawa ba ya ganewa sai ran da ya tarar an shafa wa gini jan fenti.

Ƙasa ɗaya, ido uku

A ƙauye iyakar gona sananniya ce. Ga layin gamba, ga shingen lalle ko cini-da-zugu, ga wata tsohuwar tsamiya ko ɗorawa da kowa ya san ita ce ta raba gonar wane da ta wane. In gardama ta tashi, dattawa da mai unguwa da dagaci su ne shaidu, sun san wadda aka samu ta gado, da ta saye, da ta aro, da ta jingina. Ba wanda ya damu ko gonar tana da kusurwa huɗu ko bakwai, ko ta yi baka kamar lauje. A farkon zamanin Turawa an yi ta aika malaman taki suna auna gonakin Lardin Kano da takun ƙafa, amma wannan awo don yanka haraji ne, ba don gini ba.

Ofishin filaye kuwa ba ruwansa da tsamiya. Abin da ya sani shi ne taswirar da safiyo ya zana, da turakun siminti masu lamba da aka binne a kowace kusurwa, da takardar shaidar mallaka wadda ta faɗi sunan mai riƙe da filin da yawan shekarun da aka ba shi, galibi 99 in na gidan zama ne. Tambayar wannan ofis ɗaya ce, filin nan a hannun wa yake, daga ina zuwa ina?

Sai ido na uku, na hukumar tsara gari, irin su KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna. Tambayarta dabam ce, me za a yi da filin nan, kuma ya cika sharuɗɗan abin da ake so a yi? A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Mutum yana iya riƙe takardar mallaka sahihiya ta fili mai eka goma, amma in an rubuta na noma ne, a wurin hukumar tsara gari yanki ɗaya ne tak, kuma ba na gini ba. Bai zama fulotai ba sai an yarda a sauya amfaninsa, an zana taswirar yanka, an sa mata hannu. Haka kuma mai fuloti biyu maƙwabta ba shi da ikon ya gina abu ɗaya a kansu sai ya nemi a haɗe su, mai fuloti ɗaya kuwa ba shi da ikon ya tsaga shi biyu don ra'ayin kansa.

Inda abin ya samo asali

Raba gari shiyya-shiyya bisa doka ya shigo ƙasar nan da Turawa. Cikin 1917, zamanin Gwamna Lugga, aka yi dokar garuruwa wadda ta sa Ikko a daraja ta ɗaya, su Kano da Zariya da Kaduna a ta biyu. Aka ware unguwar Turawa, inda kowane gida ke tsakiyar fili mai faɗi, aka ware unguwar baƙi irin Sabon Gari, da wurin kantuna kusa da tashar jirgi. Tsakanin unguwar Turawa da ta sauran jama'a kuma aka ce a bar yadi 440 ba gini, watau rubu'in mil, wai don sauro da gobara. A garuruwa da dama wannan sarari shi ne ya zama filin sukuwa ko na ƙwallon doki. Cikin ganuwa kuwa aka bar wa Sarki da En'e. Ko da yake manufar raba fata ce ta haifi wannan tsari, dabarar ta zauna bayan tafiyar Turawa, watau a zana layi a takarda a ce nan kaza za a yi, can kaza.

Cikin 1946 aka yi dokar tsara gari da ƙauye ta Nijeriya duka. Bayan samun mulkin kai aka ɗauko masana suka zana manyan taswirori, Trevallion ya yi wa Kano ta shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, Max Lock ya yi wa Kaduna cikin 1967. Dokar 1946 ta daɗe tana aiki har 1992, sa'ad da gwamnatin soja ta yi sabuwa. Cikin 2003 kuma Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, ta yanke cewa tsara gari aikin jihohi ne. Saboda haka ƙa'idar Kano ba lalle ta zama ta Sakkwato ko ta Bauci ba, kowa sai ya tambayi ta jiharsa.

Abin da taswira ke yankewa

Farkon abin da taswira ke yi shi ne raba ƙasa bisa amfani, nan gidajen zama, nan kasuwa da kantuna, can masana'antu, ga wurin makaranta da asibiti da maƙabarta, ga kuma inda aka bari don noma ko shan iska. Gidajen zama ma kashi uku ne. Akwai unguwar cunkoso mai ƙananan fulotai, akwai matsakaiciya, akwai ta sarari inda fuloti ɗaya ke cinye wurin uku ko huɗu na talaka. Awon da kowa ya fi sani shi ne ƙafa 50 a ƙafa 100, wanda ma'aikata yanzu ke rubutawa mita 15 a mita 30.

Bayan girma sai hanya. Wajibi ne kowane fuloti ya ba da fuska ga hanya, domin yankin da ba a shigarsa sai ta cikin na wani ba a lissafa shi fuloti. Akwai kuma ratar da za a bari tsakanin gini da iyaka, gaba da baya da gefe, da yawan abin da gini zai rufe na filin, da yawan benen da aka yarda. Waɗannan sun bambanta daga jiha zuwa jiha. Amma akwai wuraren da ko'ina a ƙasar nan ba a yanka fuloti a cikinsu. Babban titin Gwamnatin Tarayya yana da ƙafa 150 daga tsakiyarsa zuwa kowane gefe. Ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki mafi ƙarfi ana barin sarari mai faɗin mita 50, masu bi musu kuwa mita 30. Manomin da irin wannan waya ta ratsa gonarsa, in ya sayar wa wani ƙarƙashinta don gini, ya sayar masa da rusau.

Yanzu sai a koma ga lissafin dillali. Eka ɗaya kusan yadi 70 ce a yadi 70. Hekta ɗaya mita 100 ce a mita 100, watau murabba'in mita 10,000, kusan eka biyu da rabi. Fuloti mai mita 15 a 30 yana cin murabba'in mita 450. In an raba 10,000 da 450 sai a sami 22 da ɗan saura, ga inda dillali ya samo ashirin da wani abu ke nan.

To, a ce gonar hekta ɗaya ce cif, mai kusurwa huɗu daidai, kuma ta yi sa'a akwai titi a gefenta na gabas. A jera layin farko na fulotai yana fuskantar titin, ya ci mita 30. Layi na biyu ya juya masa baya, ya ci wasu 30. Wannan layi na biyu yana bukatar hanyarsa, a ce mai faɗin mita 10. A ƙetaren hanyar a jera layi na uku, mita 30. An cinye mita 100 ke nan. A kowane layi fuloti shida ne za su shiga, su ci mita 90, sauran mita 10 su zama hanyar da za ta haɗa ta cikin da babban titi. Shida sau uku, 18. Hanya kaɗai ta cinye murabba'in mita 1,900, kusan fuloti huɗu. Ba a ko taɓa zancen masallaci da makaranta da wurin zuba shara ba, waɗanda hukuma kan nema in yankan ya yi girma. In kuwa gonar karkatacciya ce, ko akwai kududdufi, ko ba titi kusa, sai adadin ya ƙara raguwa. Wanda ya fitar da 22 daga hekta ɗaya, lalle daga hanya ya sato huɗun.

Dokar 1978 da gonar manomi

Ran 29 ga Maris 1978, zamanin Janar Obasanjo, aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa. Ga mutanen Arewa ba baƙuwa ba ce ƙwarai, domin an gina ta bisa dokar filaye ta Jihar Arewa ta 1962. Ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna amana, ta kuma raba ta gida biyu, ta birni da wadda ba ta birni ba. Ta birni Gwamna ke kula da ita kai tsaye, sauran kuwa ƙaramar hukuma. Wa ke faɗin inda birni ya tsaya? Gwamna ne, da sanarwa a Gazet. Saboda haka gona tana iya kwana ta ƙauye ta wayi gari ta birni, alhali kuwa ko kunya ɗaya ba ta motsa ba. Daga ran nan ƙaramar hukuma ba ta da ikon ba da takardar mallaka a kanta.

Dokar ta faɗi wasu adadi da ya kamata a riƙe. Ƙaramar hukuma ba za ta ba mutum ɗaya fiye da hekta 500 don noma ba, ko fiye da 5,000 don kiwo, sai da yardar Gwamna. Wanda kuma dokar ta same shi da filin birni da ba a raya ba, rabin hekta kawai ta bar masa, watau wajen fuloti goma sha ɗaya, sauran ya koma hannun Gwamna.

Amma sashen da ya fi shafar manomi shi ne na 36. Ya bar wa mai gonar ƙauye gonarsa ya ci gaba da nomanta kamar an ba shi takarda, sa'an nan ya hana a tsattsaga irin wannan gona ko a yanka ta fulotai. Wanda ya yi takardar cinikin da ta saɓa wa wannan, takardar banza ce, kuma akwai tarar naira 5,000 ko ɗaurin shekara ɗaya. Cikin 1978 waɗannan kuɗi ne masu nauyi, yau kuwa ba su sayen buhun takin zamani. Dokar tana nan ba a soke ta ba, har ma an ɗaure ta cikin tsarin mulki na 1999, sai dai kowa ya san ana taka wannan sashe safe da yamma.

Abin da taka shi ya haifar shi ne awon igiya. Yawancin sababbin unguwannin da suka kewaye Kano, wajen Ungogo da Kumbotso, ta haka aka yanka su. Bai kamata a ɗora wa manomi laifin duka ba. Fulotin awon gwamnati bai isa jama'a ba, samunsa kuma sai mai hanya. Ga kuma tsoron kada gwamnati ta riga shi, domin in ta karɓi gona don amfanin jama'a, doka ba ta ce a biya kuɗin ƙasar kanta ba, sai na abin da ke kanta, watau amfanin gona da itatuwa da gini da rijiya. Manomi ya duba ya ga in ya jira za a biya shi kuɗin gero da ɗorawa biyu, in ya yi sauri ya yanka da igiya zai karɓi kuɗin fulotai. Wa zai jira? Don rage wannan ne a Kano aka san tsarin kashe-mu-raba, inda gwamnati ke yanka gonaki ta ba masu su wani kaso na fulotan. Wannan kuwa tsarin gwamnatin jiha ne, yana iya sakewa in gwamnati ta sake.

Duk da haka ɓarnar awon igiya a fili take. Lungu ya yi ƙunci har motar kwana-kwana ba ta shiga, wani ma ko makara da ƙyar. Ba wurin lambatu, ruwan wannan gida ya bi ta ƙofar wancan. Mafi muni shi ne yanka fadama. Fadama mazaunin ruwa ce, duk wanda ya cike ta ya yi gini zai sha ambaliya da damina, gari kuma ya rasa lambun da ke ba shi alayyafo da latas da tumatir da rani. An yi hasara biyu ke nan don ribar rana ɗaya.

Yadda wasu suka kare gona da wannan doka

Ƙarfin layin taswira a kan farashin ƙasa ba a nan kaɗai aka gan shi ba. A Amurka, birnin New York ya yi dokarsa ta raba gari shiyya-shiyya cikin 1916. Cikin 1922 wani ƙaramin gari mai suna Euclid, kusa da Cleveland, ya yi tasa. Wani kamfani, Ambler, yana da eka 68 a can, ya kai ƙara ya ce filin da zai sayar dala 10,000 kowace eka don masana'antu, in an tilasta shi ga gidajen zama bai wuce dala 2,500 ba. Cikin 1926 Kotun Ƙolin Amurka ta ba garin gaskiya. Tun daga nan ya tabbata a can hukuma tana da ikon faɗin abin da za a yi da fili, ko da mai shi ya yi hasara.

Abin da ya fi dacewa manomi ya ji shi ne na Jihar Oregon. Cikin 1973 suka yi doka kowane gari ya zana iyakar da zai faɗaɗa ya tsaya, bayan wannan iyaka kuwa aka ware ƙasar noma zalla. Cikin 1993 suka ƙara da cewa a irin wannan ƙasa ba a yanka gona ƙasa da eka 80, makiyaya kuwa ƙasa da eka 160, sai inda aka ba da izni na musamman. Dabarar a bayyane take, mai neman wurin gida ba zai sayi eka 80 ba, saboda haka gona ta zauna a hannun mai noma, farashinta kuma ya tsaya daidai ƙarfinsa.

Ba a ce a kwaso wannan adadi a kawo nan ba, inda gonar magidanci sau da yawa ba ta wuce eka biyu ko uku, rabon gado kuma yana ƙara tsaga ta. Amma abin lura ne dokar 1978 ta faɗi mafi yawan abin da za a ba manomi, ba ta faɗi mafi ƙanƙantar abin da za a bari ya zama gona ba. Ƙasar da ke kewaye da Kano kuwa, wadda aka yi shekaru aru-aru ana kai mata takin birni a kan jakuna, ana nomanta kowace shekara ba hutu, tana cikin mafi kyawun ƙasar noma a Arewa. Wadda aka zuba wa siminti ba ta komowa.

Manomin da ya ga lalle gari ya cim masa, abin da ya fi masa shi ne ya fara zuwa ofishin filaye ya tambaya ko gonarsa ta shiga yankin birni, da abin da babbar taswira ta ware wurin dominsa. In na gidaje ne, akwai hanyar neman a yarda masa da yanka na kansa. Safiyo mai lasisi ya auna, mai tsara gari ya zana, hukuma ta duba ta sa hannu, sa'an nan a kafa turaku. Ana kashe kuɗi, ana kuma jira, fulotan da za su fito ba za su kai na igiya yawa ba, amma kowane ɗaya ya fi daraja, mai saye kuma zai iya samun takarda da iznin gini. Maƙwabta uku ko huɗu in suka haɗa gonakinsu suka nemi yanka ɗaya, hanya ba ta cin kowannensu da yawa. Mai saye kuma, ɗan kasuwa ne ko ma'aikaci, ya nemi lambar taswirar yankan da lambar fulotin, ya je ofis da ƙafarsa ya gani kafin ya biya ko la'ada.

In kuwa gwamnati ce ta zo karɓar gonar, mai ita ya tabbata yana tsaye ran da ma'aikata za su yi ƙidaya, ya ga an rubuta kowane mangwaro da ɗorawa da kuka da rijiya da sunansa, domin a kan wannan takarda za a biya shi diyya. In gonar tana ƙarƙashin ƙaramar hukuma ne, sashe na 6 na dokar 1978 ya wajabta mata ta ba shi wata gonar da zai noma a madadin wadda aka karɓa, sai ya nema a rubuce ya ajiye kwafi.